Toribio Mai Shelar Tinkipata

Toribio Pumayalli ko baƙi ɗaya bai sani ba har ya koma ga Mahaliccinsa, amma duk kundin tsarin mulkin da aka yi wa ƙasar nan tamu ta Peru a zamaninsa, sai da ya bi ta maƙogwaronsa kafin ya shiga kunnen mutanen Tinkipata.

Ɗan mai alfadarai ne. Tun bai kai tsawon sirdi ba yake bin ubansa da kayan ulu da gishiri zuwa birnin Cusco, a kan hanyar nan ya tsinci Sifaniyanci, irin na masauki da bakin kasuwa. Wata damina hanya ta zabtare da uban da rabin dabbobin, sauran kuwa masu kaya suka kora abinsu. Toribio ya dawo gida ba shi da komai sai murya. Ita kam Allah ya ba shi. In ya tsaya a bakin kogi ya ƙwala wa wani kira, makiyayan kan tudu ke waiwaye.

Da tsohon mai shela ya rasu, aka rasa mai karɓar gangarsa, don ba aikin da mai mutunci zai yi sha'awa ba ne. Mai shela ke gaba yana faɗin laifin mutum ranar da za a yi masa bulala, shi ke kiran ciniki ranar gwanjon kayan wanda ya gaza biyan haraji. Sai dai an ɗauke masa harajin kai, wanda kowane Indiyo, wato ɗan asalin ƙasa, ke biyan sarkin Sifaniya, kuma ana ba shi ɗaki a bayan gidan hukuma. Toribio bai yi dogon tunani ba, ya rataya ganga.

Yadda ake yi, Don Fermín Arrieta, magatakardan gari, zai tsaya a bayansa da takarda ya karanto jimla ɗaya ƙasa-ƙasa. Toribio ya ɗaga ta da Sifaniyanci saboda masu takalma, wato manyan gari, sannan ya juya ta da yarenmu saboda sauran jama'a. A kowace kusurwa ta dandali sai an maimaita. Shi ya sa duk abin da ya shelanta yakan zauna masa a ka daram, ko yana so ko ba ya so.

Ya auri Asencia, 'yar ƙauyen Kolpa da ke can saman gari. Yayanta Casimiro Tupayachi bai so auren ba, bai kuma ɓoye ba.

"Duk mazan Kolpa masu gona da tumaki, ki rasa wanda za ki ɗauko sai jakin hukuma?" ya ce da ita, Toribio na tsaye.

"Ai ko ba komai, Yaya, in na ɓata a daji zai kira ni in ji," in ji Asencia.

"Zai kira ki a ji har Cusco. Me zai zuba miki a tukunya? Kukan?"

Toribio ya yi dariya ya bar shi a haka. Suka haifi 'ya'ya, ƙasa ta karɓe su ɗaya bayan ɗaya, sai namiji guda ya tsaya, Hilario, mai sanyin murya kamar uwarsa.

Aka yi yaƙi shekara da shekaru. Sojojin sarki su wuce su kwashe dankali, na 'yanci su biyo baya su kwashe tumaki. Daga ƙarshe aka kori na sarki, aka aiko sabon kantoma, ya iso da wani akwati a bayan alfadari. A ciki kundin tsarin mulkin jamhuriya yake, da dokokin da suka biyo shi. Aka ɗora kundin a kan matashi mai geza, aka riƙa masa laima aka zaga gari da shi, ƙararrawar coci na ta bugawa. Limamin cocin da ya sha tsine wa 'yan tawaye daga kan mumbari, shi ya yayyafa masa ruwa mai tsarki.

Toribio ya buga ganga ya tsaya. Don Fermín na karantowa, shi yana ɗagawa, hankalinsa na wani wuri kamar yadda ya saba. Ƙasa ba ta wani sarki ba ce. Mulki na jama'a ne. Can sai ya ji magatakarda ya ce daga yau ba mai kiran kowa Indiyo, kowa ɗan ƙasa ne, an soke harajin kai, ba a ƙara sa mutum aikin tilas ba lada.

Toribio ya waiga. "Ranka ya daɗe, sake faɗa."

"Kurumcewa ka yi? Faɗa musu mana, rana na dukana."

Ya faɗa musu. Waɗanda suka ga ranar sun ce bai taɓa buɗe murya kamar haka ba, har tantabarun hasumiyar coci suka watse. A kusurwar ƙarshe hawaye ke gangarowa har cikin bakinsa, bai share ba.

Da la'asar ya iske Casimiro a rumfar mai giyar masara. A shekarar Casimiro ke riƙe da sandar Kolpa, wato shi ke tara harajin ƙauye ya kawo, shi kuma ake kamawa in bai cika ba.

"Zo zauna, jaki. Yau ka yi kuka mai daɗi," in ji Casimiro. "Sai dai mun taɓa jin irinsa. Ka manta zamanin sarki? Da bakin nan naka ka ce an yafe haraji, ba mu gama murna ba da bakin nan naka ka ce an dawo da shi."

"Wancan na sarki ne, Yaya. Shi ya bayar, shi ya karɓe abinsa. Wannan namu ne."

"Namu da wa? Ka ga ɗan Kolpa a wurin da aka rubuta shi?"

"Kantoma ya dafa shi ya rantse a gaban bagaden coci. Limami ya rantse. Don Fermín ma, da ko gaisuwa ba ya yi kyauta, ya rantse."

Rumfa ta kwashe da dariya, ban da Casimiro. Ya ajiye ƙoƙonsa.

"Su ba ruwana da su. Kai ka ji daga tushe, mu daga bakinka muka ji. In na hau gida me zan ce wa mutanena?"

"Ka ce musu an gama. Na rantse da ƙasusuwan ubana da ke ƙarƙashin zabtarewar nan, an gama."

Kowace shekara mutanen Kolpa kan ware ulu da busasshen dankali, su tura samari ramin azurfa su samo na haraji. A wannan shekara ba su tura kowa ba. Ulun suka sayar suka sayi shanun noma biyu, baƙi da ja, na ƙauye gaba ɗaya, irin abin da Kolpa ba ta taɓa mallaka ba. Suka ɗaura musu furanni a ƙaho suka biyo da su ta ƙofar ɗakin Toribio don ya gani. Casimiro ya aiko masa da cinyar rago.

Ba a yi girbi biyu ba takarda ta zo daga Lima, babban birni. Baitulmali ya bushe, sojoji ba albashi, don haka 'yan asalin ƙasa za su riƙa ba da gudummawa. Adadin shi ne na da, lokacin shi ne na da, mai tarawa shi ne mai sanda.

Kafin su fita dandali Toribio ya tsaya a ƙofar ofis yana murza madaurin ganga.

"Ranka ya daɗe, da yarenmu me zan ce? Gudummawa ai abin da mutum ya ga dama ne."

"Ka ce haraji, za su fi saurin ganewa."

"To kundin fa?"

"Kundi na nan, ba wanda ya taɓa shi. Haraji aka soke, kuma a soke yake. Wannan gudummawa ce. Mu je."

Kolpa ba ta da abin biya. Aka kamo Casimiro aka sa ƙafarsa a turu, aka koro shanun nan biyu aka ɗaure su a gindin rijiyar dandali. Toribio ne ya kira cinikinsu. Tagar kurkuku na kallon dandalin, kuma duk lokacin da ya ɗaga kai sai ya ga fuskar surukinsa a bayan ƙarafa. Wani mai gandu da ke ƙasan kogi ya saye su da arha. Da aka saki Casimiro ya wuce ta gaban Toribio kamar ya wuce ta gaban turke. Shekaru bai ƙara ce masa ko jaki ba, Toribio kuwa ya gwammace zagin.

Daga nan kundi ya riƙa zuwa yana tafiya. Aka kawo wani da ya ce shugaba zai zauna a kujera har mutuwarsa, ya kuma nuna magajinsa. Toribio ya ce da Asencia, "Wannan ai sarki ne, hular kawai ya cire." Aka rantse masa da ƙararrawa da wasan bijimai, furannin takardar da aka rataya ba su koɗe ba labari ya zo an yi watsi da shi. Aka kawo wani. Duk janar ɗin da ya shiga Lima da dawakai sai ya tara masu alƙalami su yi masa nasa. Kowanne ya ce mutane daidai suke, kowanne kuma yana da wani lungu inda ya ce wanda bai iya karatu ba, ko mai yi wa wani barance, ya ɗan dakata tukuna. Toribio ya duba ya ga ta ko'ina shi mai dakatawa ne. Tsofaffin kundayen Don Fermín ke yaga yana naɗe cuku da su. Toribio ya daina saurara, ya bar maƙogwaro ya riƙa aikinsa shi kaɗai.

Asencia ce ba ta haƙura ba. Lokacin shuka da na girbi ta ɗauki Hilario su hau Kolpa, har ya tashi tare da 'ya'yan kawunsa biyu, Gregorio da Santos, kamar ciki ɗaya suka fito. Da ya zama saurayi ya ƙi saukowa. Ƙauye ya yanka masa gona, ya auri Petrona, wata masaƙiya mai kaifin baki. Ranar bikin Casimiro ya sha ya yi tatul, ya taso yana tangaɗi ya miƙa wa Toribio ƙoƙo.

"Karɓi, jaki. Ɗanka mutum ne, ban san inda ya samo ba."

Toribio ya karɓa da hannu biyu. Ya ce da Asencia a hanyar saukowa bai taɓa shan giya mai daɗinta ba.

A lokacin janar-janar sun kaure da yaƙi a tsakaninsu, kowa na neman mazan da zai sa a gaba. Mutanen ƙauye suka koyi darasi: da an hangi ƙurar sojoji, samari su haye tsauni da tumaki, kasuwa ta zama ta tsofaffi da mata. Ana cikin haka wani kanar ya shigo Tinkipata da 'yan sojoji kaɗan da sabon kundi. Mutum ne mai fara'a, yana cire hula ya gai da tsofaffi. Ya ce ba yaƙi ya kawo shi ba, rantsuwa ya zo karɓa. Duk namijin da ya balaga ya zo dandali ranar Lahadi ya ɗaga hannu, za a rubuta sunansa a tabbatar masa da gonarsa, kuma ranar ba sojan da zai taɓa ko gefen bargon wani. Aka ce mai shela ya hau ƙauyuka ya faɗa.

Toribio ya sami Don Fermín shi kaɗai. "Ranka ya daɗe, tsakaninka da Allah, gaskiya ce?"

Magatakarda ya tsufa. Bai ɗago ba. "Ga hatimi, ga sa hannu. Me kake so in ce?"

"In na ƙi hawa fa?"

"Su ɗaure ka a rijiya su zane ka, su tura wani da bindiga a bayansa. Sannan ka ji zancen gona. Mai gandun ƙasan kogi ya daɗe yana auna Kolpa da ido. Wanda ba sunansa a takarda, da me zai tsaya gaban alƙali?"

Zancen gonar ne ya kama Toribio, don ya san gaskiya ne. Ya hau. A Kolpa ya buga ganga a ƙofar ƙaramin coci ya faɗi abin da aka ce ya faɗa, bai ƙara ba bai rage ba. Mutane suka tsaya suna tauna ganyen koka, abin taunawar mutanen tsauni. Casimiro ne ya yi magana.

"Yau da me za ka rantse?"

"Ba zan rantse ba, Yaya. Abin da aka ba ni na kawo."

"To abu ɗaya zan tambaye ka. Hilario zai sauka?"

Toribio ya dubi ɗansa da ke tsaye da fartanya a kafaɗa. Ya so ya ce a'a. Ya kuma tuna da gonar da aka yanka wa yaron, wadda ba ta da wata shaida sai bakin dattawa.

"Zai sauka. Kusa da ni zai tsaya."

Wannan ce ta saukar da su. Ranar Lahadi dandali ya cika irin cikar da aka daɗe ba a gani ba, maza da sababbin barguna, mata a gefe da tuluna. Aka yi addu'a a coci, aka buga ƙararrawa, aka fito da kundi a kan matashi. Da yake kundin na da tsawo, an raba shi kashi-kashi, kowace kusurwa da nata. Toribio ya gama kusurwa ta fari, ya gama ta biyu. Yana ta uku, a tsakiyar inda aka ce ba a kama ɗan ƙasa sai da umarnin alƙali, ya hango ana turo amalanke a bakin titin coci. Ya juya ido, bakin titin kasuwa ma an tare. Sojojin da ke bayan amalanken sun ninka waɗanda suka shigo gari, kuma a kafaɗunsu akwai igiyoyi a naɗe.

"Ci gaba," in ji Don Fermín a bayan kunnensa. "Ci gaba, ko su harbe mu."

Toribio ya ƙarasa jimlar. Bakinsa ne ya ƙarasa ta, da Sifaniyanci, har ƙarshe. Sai a sannan ya cika ƙirji ya ƙwala da yarenmu, "Ku gudu! Tarko ne, ku gudu!"

Babu sauran wurin gudu. Dandali ya hargitse, tuluna suka farfashe, aka tattake wata tsohuwa a bakin rijiya. Wani soja ya juya gindin bindiga ya buga wa Toribio a baki. Da ya farfaɗo yana kwance cikin jini da giya, haƙoransa na gaba a ƙasa, an kora maza cikin harabar coci kamar tumaki.

Washegari da safe ya ɗaure baki da tsumma ya je wurin kanar. Ya same shi a barandar gidan kantoma ana yi masa aski.

"A'a, mai murya! Wa ya yi maka haka? Yara ba su da hankali. Me ke tafe da kai?"

"Ranka ya daɗe, jiya da bakina na faɗa, ba a kama ɗan ƙasa sai da umarnin alƙali."

"Haka ne. Ka faɗe shi da kyau kuwa. Ka faɗi inda aka ce kare ƙasa wajibi ne a kan kowane ɗan ƙasa?"

"Ban kai wurin ba."

"To ka gani. Da ka bari ka ƙarasa. Ni ban kama kowa ba, 'yan sa-kai ne."

"Da igiya, ranka ya daɗe?"

"Igiyar don kada su ɓata a hanya ce, tsaunukanku da yawa." Wanzami ya yi dariya, kanar ya ɗaga masa hannu. "Ka yi mini aiki, ban manta ba. An ce ɗanka na ciki. Je ka nuna shi a kwance maka shi. Shi kaɗai fa."

Wani saje ya raka shi harabar coci. Maza na zaune a ƙasa jere-jere, an zarge su wuya da wuya. Da ya shigo hira ta mutu. Wani ya tofar da yawu. Ya sami Hilario a jikin bango, igiya ɗaya da Gregorio da Santos.

"Tashi, ɗana. Na roƙa, an ba ni kai."

Hilario ya dubi 'yan uwansa, ya dubi ƙasa. "Su fa?"

"Kai kaɗai aka ba ni. Tashi tukuna, sauran zan san yadda zan yi."

"In tashi in je ina, Tayta?" Haka ake kiran uba da yarenmu. "In hau Kolpa in ce wa kawu me? In wuce ta ƙofar matan mutanen nan in tafi gona?"

"Mu bar garin. Mu tafi Cusco, ni da kai da uwarka da Petrona."

"Tafi mana," in ji Santos, ƙaramin. "Tafi, ɗan jaki. Ai dama an shirya."

Gregorio ya daka wa ƙanensa tsawa. Da saje ya sunkuya zai kwance ƙullin, sai Hilario ya riƙe igiyar da hannu biyu.

"Ka je gida, Tayta. Ka sa wa bakinka gishiri, ya kumbura."

Bai ƙara ɗago kai ba. Toribio ya yi ta magana har saje ya gaji ya ja shi waje.

Da hantsi aka fita da su ta hanyar kogi. A bayansu mata suka bi, kowace da tukunya da bargo a goye, don soja ba ya cin abinci sai wanda matarsa ta dafa. Petrona na cikinsu. Asencia ta raka su har gada, ta dawo ta shiga ɗaki ta ɗaure kayanta. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka a gabansa ba.

"Zan hau wurin Yaya," ta ce. "Ba mai taya shi girbi."

Ba ta ƙara saukowa ba. Bayan damina biyu ta rasu a can, Toribio ya hau, ya tsaya a bayan katangar maƙabarta har aka watse.

Bai ajiye ganga ba, don ba shi da wani wurin kwana sai ɗakin nan. Ya ci gaba da shela, iska na fita ta gurbin haƙora tana yi masa fito. In ya buga ganga sai a ji ana rufe ƙofofi. A ƙauyuka yara ke jifansa da kashin tumaki, iyaye ba sa hanawa. Kowa ya tuna shi ya tara su, ba mai tuna ya ce a gudu. Janar ɗin da kanar ke yi wa aiki bai daɗe ba aka kore shi, kundinsa ya bi shi, aka kawo wani. Toribio ya shelanta wa dandali shi, ba kowa a ciki sai kantoma da limami da 'yan kantuna da karnuka.

Shekaru suka shige. Wasu daga cikin mazan suka dawo ɗaiɗai, wani ba ƙafa, wani ba hankali, ba wanda ya san labarin 'yan Kolpa uku, Hilario da Gregorio da Santos. Wata rana da azahar Toribio na zaune a ƙofar ɗaki yana ɗinke fatar ganga, wata mata ta tsaya a kansa da yarinya a hannu. Ta rame ta yi baƙi, sai da ta yi magana ya gane Petrona ce.

Ya ba ta ruwa da dafaffen dankali. Ta ci, ta ba yarinyar, sannan ta faɗa masa a jere, ba hawaye, kamar mai faɗin abin da ta gani a kasuwa. Santos ya gudu tun a watan farko, aka kamo shi aka harbe shi a gaban sahu. Gregorio ya faɗi a wani yaƙi can arewa. Hilario zazzaɓin bakin teku ya kama shi, ya daɗe yana jinya, ita ta haƙa masa rami a cikin rairayi da murfin tukunya.

Toribio ya dubi yarinyar.

"Ba tasa ba ce, Tayta, kada ka wahalar da idonka. Mace ba ta zama ita kaɗai a cikin sojoji. Shi ma uban ya mutu."

"Ya ce wani abu? Hilario?"

"Ruwa yake ta nema." Ta gyara goyon da babu komai a ciki sai tukunya. "Ba zan iya hawa Kolpa ba. Ba zan iya kallon kawu in faɗa masa ba. Kai za ka je."

Ya hau da sassafe, yana tafiya yana hutawa, don gwiwoyin sun gaji. Ya iske Casimiro a gona shi kaɗai yana tonon dankali, ya rankwafa, kansa fari fat. Rabin gonakin Kolpa sun zama saura, ƙasa-ƙasa kuma shanun mai gandu ke kiwo a inda da masara take. Toribio ya tsaya a bakin kunya ya cire hula.

"Yaya, Petrona ta dawo."

Casimiro bai daina tono ba. "Ita kaɗai?"

"Ita kaɗai."

Ya faɗa masa yadda aka faɗa masa, Santos, sannan Gregorio, sannan Hilario. Casimiro ya ciro wani dankali ya murje ƙasar jikinsa da babban yatsa, ya daɗe yana kallonsa, ya jefa a kwando.

"Wane janar suka mutu wa?"

"Ta ce wanda ya kama su an ci shi da yaƙi, aka zuba su cikin rundunar wanda ya ci. Daga baya ma an sake. Ba ta riƙe sunayen ba."

"Gregorio an binne shi?"

"Ba ta sani ba. Gudu suka yi ranar."

Casimiro ya gyaɗa kai. Ya dubi sama wajen tsauni inda hadari ke haɗuwa.

"Sauka kafin ruwa ya tare ka," ya ce, ya koma kan tononsa.

Ba su ƙara haɗuwa ba.

A shekarar da ta biyo muryar ta dushe gaba ɗaya, aka karɓi gangar aka ba wani, aka ce ya fitar da kayansa daga ɗakin. Petrona ta kafa rumfa a bakin gada tana sayar wa masu alfadarai giya da miya. Ta zo ta same shi zaune a kan ƙunshin kayansa a gindin bango, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Nan za ka zauna har ungulu su gane ka? Tashi, ina neman mai hura mini wuta."

Ya bi ta. Ya yi 'yan shekaru a bayan rumfar yana tura kashin shanu a murhu yana ɓare masara. Matafiya ba su san ko shi wane ne ba, 'yan gari kuwa in sun zo sha sukan juya masa baya. Ya rasu a shekarar da zazzaɓi mai ƙuraje ya shiga kwarin nan ya yi ta ɗibar mutane, lokacin da ba mai zuwa jana'izar kowa. Petrona da wani baƙo mai alfadari suka naɗe shi a bargo suka kai shi ramin da aka haƙa wa mutanen ranar. Ta dawo ta wanke hannu, ta ɗora tukunya, don akwai ayarin da ke jiran abinci.